Babi na Biyar: Wa Zai Ɗauki Hoton Kara?

Mene ne abin ɗauka a kasuwar dabbobi? Duk wanda ya rataya kyamara ya shiga karar Wudil ran Juma'a, ko ta Maigatari ran Alhamis, zai ji wannan tambaya tun bai wuce turken farko ba. Wani da dariya zai yi ta, wani da ɗaure fuska. Kuma ba a ga laifinsu ba, domin a wurinmu hoto abu ne da ake yi wa shiri. Sai an yi wanka, an sa kayan Sallah, an karya hula, sannan a tsaya cak. Mun san hoton biki, mun san na fasfo, na hawan Sallah kuwa har kalanda ake bugawa da shi. Amma ƙura da kashin shanu da dillali yana gumi yana rantse-rantse, wa zai ɓata lokacinsa a kansu, har ya tara su ya buga littafi ya ce a saya?

Akwai waɗanda suka yi, kuma amsar tambayar tana cikin abin da ya biyo bayan aikinsu. Za mu fara da wani Bature, domin shi labarinsa ya kammala, ana iya duba shi daga tushe.

Mutumin da bai yi nisa da gida ba

A 1972 wani malamin zane mai suna James Ravilious ya bar Landan tare da matarsa Robin, suka tare kusa da ƙauyen Dolton a arewacin Devon, can kudu maso yammacin Ingila. Yanki ne na ƙananan manoma masu kiwon shanu da tumaki, tsakanin kogin Taw da kogin Torridge, inda zamani bai yi gaggawar shiga ba. A garin Beaford akwai wata cibiyar raya al'adu, shugabanta John Lane ya ba shi aiki: ya riƙa ɗaukar hotunan mutanen yankin da yadda suke rayuwa, a adana, domin su ga kansu da idonsu.

Ravilious bai yi makarantar ɗaukar hoto ba. Abin da ya ja ra'ayinsa ga sana'ar shi ne baje kolin hotunan Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson da ya gani a 1969. Amma da ya kama aikin bai sake shi ba sai da ya shekara 17, ya tara hotuna kusan 80,000, baƙi da fari, kuma mafi yawansu bai wuce mil goma daga ƙofar gidansa ba ya ɗauke su. In ka raba, kusan hoto 13 ke nan kowace rana, damina da rani, shekara da shekaru, a wuri ɗaya, cikin mutane ɗaya.

Wannan zaman shi ne sirrin aikin. Ƙaramar kyamara ce a hannunsa, ƙirar Leica, kuma ba ya cewa kowa ya tsaya ko ya gyara riga. Da mutane suka saba da ganinsa a gona da coci da makaranta da kasuwa, sai suka daina kula shi, suka ci gaba da abin da ke gabansu. Akwai wani tsoho mai ɗan kiwo, Archie Parkhouse, wanda ya ɗauka sau ba adadi: yana aski a ɗakin girki, yana bin tumakinsa, shi da maƙwabcinsa Ivor Brock suna jan rago marar lafiya a cikin bahon ƙarfe. Akwai hoton Ivor Brock ɗin ya ɗauko ɗan tunkiya cikin guguwar ƙanƙara ta 1978. Babu sarki a ciki, babu minista. Ranar kasuwa kuma yana Hatherleigh, garin da manoman yankin ke kai dabbobinsu.

Cinikin dabbobi a Ingila gwanjo ne. Ana koro dabba cikin wani da'irar shinge, mai gwanjo yana sama yana kiran farashi da sauri, masu saye sun jingina da ƙarfe, wani ya ɗaga yatsa, wani ya ɗan gyaɗa kai don kada na kusa da shi ya gane. Ya bambanta da namu ƙwarai. Sai dai duk Bahaushen da ya taɓa kai sa kasuwa, in ya ga fuskar manomin da ke kallon dabbarsa tana zagaya shingen nan, zai gane abin da ke ransa ba sai an yi masa tafinta ba.

Daga wannan taska aka fitar da littattafai, irin su The Heart of the Country a 1980 da A Corner of England a 1995. Ravilious ya rasu a 1999 yana da shekara 60.

Ranar da kasuwa ta yi shiru

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 2001, cutar baki da kofato ta ɓarke a Birtaniya. Gwamnati ta hana zirga-zirgar dabbobi, ta rufe kasuwanninsu, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6 don a tsayar da annobar. Devon na cikin inda abin ya fi ƙamari, kuma a kusa da Hatherleigh ya fara ɓulla a yankin. Wani mai ɗaukar hoto, Chris Chapman, ya tsaya a wata gona ta Beaford ya ɗauki yadda aka hallaka garkenta, daga baya ya fitar da littafi mai suna Silence at Ramscliffe. A 2018 ita kanta kasuwar shanun Hatherleigh aka rufe ta, filin ya koma na gina gidaje.

To, yaron da aka haifa a garin yau, in yana son ya san inda kakansa ke tsayawa ranar kasuwa, da irin hular da yake sawa, da waɗanda yake hira da su, akwai inda zai duba. Lokacin da ake ɗaukar hotunan nan abu ne na kullum, wanda ba a ɗauka zai ƙare ba. Ga amsar farko ga mai tambayarmu: abin da ya fi saurin ɓacewa ba tare da shaida ba shi ne abin da kowa ya saba gani, domin ba wanda ke tunanin adana shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce, mu karar tamu tana nan daram. Dattawan makiyaya ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da saniya ta koma ba ta da kuɗin buhun gero. Ba su manta da bushiyar da ta share garkuna a 1983 ba. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, suka kashe mutane da dama suka sa wuta. A 2016 gwamnatin Borno ta dakatar da wasu kasuwannin shanu don toshe hanyar sayar da na sata. A 2021 Zamfara da Katsina da maƙwabtansu suka rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako saboda 'yan fashin daji. Rufe iyakar Nijeriya da Nijar a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun taɓa Maigatari da Mai'aduwa da Illela kai tsaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya canja wanda ke zuwa kasuwa da wanda ya daina zuwa.

Akwai kuma canjin da ke tafiya a hankali, wanda ba ya shiga labaran rediyo. Da can a ƙafa ake kora shanu zuwa Kurmi, tafiyar makonni. Jirgin ƙasa ya zo ya karɓi wani kaso daga Kano da Nguru, yau kuwa tirela ce ke kwana biyu ta sauke a Legas. Da can falke da damin kuɗi a ƙugu yake shiga kara, yau ga masu POS a rumfa, ana sallamawa ana jiran ƙarar waya. Jakuna, waɗanda suke da nasu ɓangare guda a kowace babbar kasuwa, cinikin fatarsu ya rage su har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Wa ya ɗauki hoton ɗan kora na ƙarshe da ya taka daga Sakkwato zuwa Ibadan da sandarsa da gorarsa? Wannan ya riga ya wuce mu. Na yau ne ke hannunmu.

Idon baƙo da idon ɗan gida

Ba a ce ba a taɓa ɗaukar makiyayan ƙasarmu an buga littafi ba. A 1983 aka fitar da Nomads of Niger, hotunan Carol Beckwith 'yar Amurka, rubutun Marion van Offelen, a kan Fulani Woɗaɓe na Nijar. Aiki ne na haƙuri, sun zauna da mutanen, sun bi su ƙaura da bakin rijiya. Amma abin da duniya ta tsinta ta riƙe daga littafin shi ne Gerewol: samari da kwalliya, fararen haƙora, idanu a waje. Tun daga lokacin masu kyamara ke tururuwa zuwa wajen In-Gall neman wannan hoto ɗaya. Ranar Lahadi a Balleyara ko Ayorou, inda Bafulatani da Buzu da Bazabarme da Bahaushe ke haɗuwa a kan raƙumi da sa, ba ta samu irin wannan gata ba.

Haka yake a Nijeriya. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sun sha kyamara, kuma sun cancanta. Sai dai biki 'yan kwanaki ne a shekara, kara kuwa tana ci sau 52. Baƙo abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka. Ɗan gida, in ya buɗe ido, abin da ke riƙe da rayuwar mutane zai ɗauka, domin ya san ma'anar abin da yake kallo.

Ɗauki ciniki ɗaya kawai. Makiyayi ya kawo bijimi, amma ba shi zai yi magana ba, ya koma gefe ya dogara da sandarsa kamar abin bai shafe shi ba. Dillali ne a tsakiya. Mai saye ya zagaya dabbar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora don sanin shekaru, ya danna ƙugu, ya taɓa tozo, ya ja da baya ya ƙare mata kallo. Babu sikeli a wurin, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ya taya. Dillali ya ce, "Albarka." Ya ƙara. "Haba Alhaji, dubi dabbar nan da kyau, ka ƙara wani abu." Ya juya kamar zai tafi, dillali ya riƙo hannun rigarsa, ya je ya yi raɗa da mai dabba, ya dawo. Can sai ka ji, "An sallama, Allah ya sa albarka." A cikin minti goman nan akwai hoto goma, kuma mafi kyawunsu ba na bijimin ba ne. Yana fuskar makiyayin lokacin da aka kwance igiya, domin shi ya san ranar da aka haifi dabbar nan, ya san uwarta, kuma wataƙila kuɗin asibiti ko na auren 'yarsa ne ya sa ya rabu da ita.

Wanda bai san kara ba zai ɗauka dillali la'ada kawai yake ci. Ɗan gida ya san shi ne shaida. Shi ya san mai dabbar da rugarsu, kuma in gobe aka zo aka ce ta sata ce, wuyansa za a kama. Wannan amana ce ke sa mutumin da ya zo daga Onitsha ya ƙirga miliyoyi ya miƙa wa wanda bai taɓa gani ba. Mai hoton da ya fahimci haka zai san inda zai tsaya da wanda zai sa wa ido.

Sannan kara ba dabbobi kaɗai ba ce. Ga 'yan lodi suna tura sa kan tirela da ihu da murɗa wutsiya. Ga mai igiya, ga mai kanwa, ga mai dusa da harawa, ga mai maganin dabbobi ya baje kwalabe a tabarma. Ga matan Fulani da ƙoren fura da nono a inuwa, ga mai shayi, ga mai tsire yana fifita wuta, ga wanzami, ga yaro riƙe da akuya yana jiran babansa. Azahar ta yi, sahu ya miƙe a gefen turaku. Su kansu dabbobin tarihi ne: farar Bunaji, jar Rahaji mai dogayen ƙaho, Bokoloji mai guntun ƙaho, Uda mai rabi fari rabi baƙi ko ja, Balami na layyar masu hali, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙetare. Wanda ya ɗauki kasuwa ɗaya shekara goma a jere, hotunansa da kansu za su nuna wane iri ne ke ƙaruwa, wane ne ke janyewa.

Ai kowa na da waya

Wani zai ce, to ai yanzu an huta, kowane dillali na da waya, kullum ana ɗaukar raguna ana turawa ta WhatsApp, gab da Babbar Sallah ma har bidiyo ake yi. Gaskiya ne, ba a taɓa ɗaukar hoton dabbobi da yawa kamar yau ba. Amma wannan hoton talla ne, da an sayar da ragon an goge shi. Wanda bai gogu ba yana tafiya ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Hotunan waya kamar hatsi ne a masussuka, ga shi tuli amma a fili, kaji na ci iska na ɗiba. Littafi shi ne rumbun.

Abin da ke mai da tarin hotuna littafi abu uku ne, kuma na farko ya fi sauran wuya: zaɓe. Cikin dubbai za a ɗebi ɗari ko ƙasa da haka, a bar wasu masu kyau saboda ba su ƙara komai a labarin ba. Sai jeri, yadda mai buɗe littafi zai shigo kasuwa da asuba tare da garken farko, ya fita da magariba bayan tirelar ƙarshe. Sai rubutun ƙasan hoto. A taskar Beaford ana rubuta sunan mutum da wuri da lokaci, shi ya sa har yau ake cewa ga Archie Parkhouse, maimakon a ce ga wani tsoho. Hoton da aka rubuta wa "makiyayi a Arewa" ya rage wa mutumin daraja, kuma bayan shekara 50 ba zai amfani jikokinsa da komai ba.

Muna da misalan da ke nuna ana iyawa. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, abin da kowa ke gani a titi bai ɗauke shi komai ba, ya tara kusan 1,000, yau suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Fati Abubakar ta fara Bits of Borno a Instagram a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a Maiduguri, lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam. Ido muna da shi. Wanda zai zaɓi kara ɗaya ya lizimce ta shekaru, da wanda zai ɗauki nauyinsa kamar yadda cibiyar Beaford ta ɗauki na Ravilious, su ne ba mu samu ba tukuna. A ganina wannan aiki ne da ya dace da jami'o'inmu da hukumomin tarihi da al'adu na jihohi da ƙungiyoyin dillalai su kansu, kuma kuɗinsa bai kai na bikin buɗe taro ɗaya ba.

Ladabin shiga kara da kyamara

Mai niyyar wannan aiki ya sani kara tana da shugabanni. Akwai sarkin kara ko sarkin tike, akwai shugaban dillalai, akwai sarkin fawa. A fara da su, a yi gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo mutum da inda hotunan za su. "Ranka ya daɗe, so nake jikokinmu su ga yadda kasuwar nan take a zamaninku." Makon farko ma a bar kyamarar a jaka, a sha shayi, a saurara.

In mutum ya ce kada a ɗauke shi, an gama magana. Wani dalilinsa na addini ne, wani kunya ce, musamman mata da surukai a wuri ɗaya. Bafulatani kuma yana da tsohon dalilin ƙin a ƙirga masa dukiya tun zamanin jangali. Yau akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Hoton da ya nuna wane ne ya sayar da shanu goma ran kasuwa, in ya hau intanet da yamma, zai iya kai masu garkuwa da mutane ƙofar gidansa da dare. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma nan ma littafi ya fi waya aminci, domin shi sai bayan shekaru yake fitowa, an tace, an nemi izinin masu fuskokin, an cire abin da zai cutar. Kada a ɗauki hannu yana ƙirga kuɗi tare da fuskar mai shi. Kada a rubuta sunan ruga in masu ita ba su yarda ba.

Sannan a mayar wa mutane hotonsu. A wanke, a kawo ran kasuwa mai zuwa, a miƙa wa mai shi a hannu. Wanda aka ba hotonsa yau, shi zai kira ka gobe ya ce zo ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. In littafin ya fito, rubutunsa ya kasance da Hausa, da boko da ajami in da hali, a kuma yi bugu mai sauƙin kuɗi wanda dillali zai iya saya ya ajiye a rumfarsa. Littafin da aka buga a Turai, ake sayar da shi kuɗin tunkiya, mutanen da ke cikinsa ba su taɓa ganinsa ba, bai cika aikinsa ba ko da ya ci lambar yabo.

Akwai wani ɓangare na aikin Ravilious da ban taɓo ba. Bayan nasa hotunan, ya riƙa bin gidaje yana aron tsofaffin hotunan da mutane suka gada, yana kwafa yana mayar musu, har ya tara kusan 5,000. Mu ma muna da irinsu, a ƙasan adaka, a bangon zaure, da cikin kwalayen tsofaffin masu hoto na Sabon Gari da Fagge da Zinder, gara da damshi na cin su. Yadda za a nemo su, a gane na cikinsu, a cece su, shi ne abin da babi na gaba zai duba. Kafin ka juya shafi, ka tambayi babba a gidanku inda aka ajiye naku.